Alhaji Abubakar Imam (1911-1981): Editan Farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo

Gabatarwa

Da wuya a sami ɗalibin Hausa, tun daga sakandare har jami'a, wanda bai taɓa cin karo da sunan marigayi Alhaji Abubakar Imam ba. Wasunmu sun kwana a kan Magana Jari Ce saboda jarrabawa, wasu kuma tun suna yara aka karanta musu irin tsiyar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe suka riƙa ƙulla wa juna a Ruwan Bagaja. Amma in ka tare ɗalibi a nan Gwagwalada ka tambaye shi aikin da ya cinye ƙuruciyar wannan bawan Allah, sai ya ce maka rubuta littattafan hira. Alhali kuwa littattafan nan biyu da suka yi masa suna duk ya gama su kafin ya cika shekara talatin. Abin da ya zauna a kansa shekara goma sha biyu cur, safe da yamma, shi ne aikin jarida.

Wannan muƙala za ta bi rayuwar marigayin ne ta wannan fuska. Dalili kuwa shi ne, a yau ana yawan maganar taimakon da ƙasashen waje da hukumomin duniya ke bai wa kafofin yaɗa labarai na ƙasashe masu tasowa, wato horar da ma'aikata da ba da na'urori da kuɗi. Ƙasar Hausa ta ɗanɗani irin wannan haɗin gwiwa tun kafin a raɗa masa suna, kuma Abubakar Imam ne ya tsaya a tsakiyarsa, ya sha zumarsa, ya kuma sha harbinsa.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda yanzu yake cikin Jihar Neja. Ga mai tashi daga Gwagwalada, sai ya bi ta Suleja ya wuce Minna, ya ratsa Zungeru da Tegina kafin ya isa. Gidansu gidan malamai ne, mahaifinsa Malam Shehu Usman alƙali ne. Saboda haka da allo ya fara, kuma Larabcin da ya samu a gida ya yi masa rana daga baya, domin ta nan ya shiga taskar labaran Larabawa da Farisawa ba tare da tafinta ba.

Yayansa, Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, yana cikin 'yan Arewa na farko da suka yi karatun boko, kuma ya koyar a Kwalejin Katsina. Ta hannunsa ƙanen ya sami kansa a Katsina. Ya shiga kwalejin a 1927 ya fita a 1932. Wannan makaranta, wadda Gwamna Hugh Clifford ya yi bikin buɗe ta a 1922, an kafa ta ne don horar da malaman makaranta, sai ga shi ta zama matattarar waɗanda za su riƙe Arewa. Imam ya tarar da Ahmadu Bello a can, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma ya shigo bayansa da shekara ɗaya. Da ya gama, aka ba shi koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko.

Haɗuwarsa da Dokta East

A wancan lokaci Turawa sun buɗe makarantu, yara sun iya haɗa baƙi da wasali na boko, amma babu abin karantawa. Yaro ya gama elementare, in bai sami littafi ba, bayan 'yan shekaru karatun ya zube. Don toshe wannan kafa aka kafa Hukumar Fassara, wadda ta zauna a Zariya, daga baya aka mayar da ita Hukumar Talifi a ƙarƙashin wani jami'in ilmi Bature, Rupert East. Shi East ya ga cewa fassarar littattafan Turai kaɗai ba za ta sa mutane su so karatu ba, sai 'yan ƙasa sun rubuta nasu da kansu. A 1933 ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su ƙago labari su rubuta. Bai sha da daɗi ba, domin a wurin malamin wancan zamani alƙalami na ilmi ne da wa'azi, ƙagaggen labari kuwa tatsuniya ce, aikin mata da yara da dare.

Duk da haka gasar ta haifar da littattafai biyar da har yau su ne harsashin ƙagaggun labaran Hausa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. Gida ɗaya ya ci biyu ke nan. Imam yana ɗan shekara ashirin da biyu a lokacin.

East ya ga abin da yake nema. A 1936 ya nemi aron Imam daga Katsina zuwa Zariya na wata shida, ya tara masa littattafan labaru na Larabawa da Indiyawa da Turawa, shi kuwa ya karanta, ya narkar da su, ya zuba su a tukunyar Hausa. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku. Masana sun daɗe suna bin sawun labaran, wannan daga Dare Dubu da Ɗaya, wancan daga tatsuniyoyin Jamus, shi kansa akun da ke riƙe da zaren littafin daga Indiya. Amma Bahaushen da ya karanta bai taɓa jin baƙon ƙamshi ba, domin sarakunan da fadawan da ɓarayin duk irin na unguwarsu ne. A ganina duk wanda yake son ya fahimci Imam ɗan jarida, to, ya fara daga nan. Kayan na waje ne, sarrafawar tasa ce, kuma haka zai yi da labaran duniya bayan shekara uku.

Haihuwar jarida

Kafin 1939 akwai wata takardar labarai ta gwamnati da aka fara a 1932, Jaridar Nijeriya ta Arewa, da Hausa da Larabci da Turanci, amma ba ta wuce hannun sarakuna da ma'aikatan En'e ba. A Kudu kuwa an yi nisa. Tun 1859 aka fara Iwe Irohin da Yarbanci a Abekuta, kuma a 1937 Nnamdi Azikiwe ya kafa West African Pilot a Ikko, yana caccakar mulkin mallaka kullum safiya.

Abin da ya zaburar da Turawan Arewa shi ne jita-jita. Hitila yana ta neman a mayar wa Jamus ƙasashen da aka ƙwace mata bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ciki har da Kamaru, wadda wani yankinta ake mulkinsa haɗe da lardunan Adamawa da Borno. Sai magana ta bazu a kasuwanni da tashoshin jirgin ƙasa cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus. Gwamnati ba ta da bakin da za ta ƙaryata, don babu rediyo a hannun talaka, babu jaridar da yake karantawa. A watan Janairu 1939 aka fitar da Gaskiya Ta Fi Kwabo daga Zariya, wata-wata, a kan kwabo ɗaya, aka kuma ɗauko Imam daga aji aka ba shi kujerar editan Hausa.

Kada mu ruɗi kanmu, jaridar gwamnatin mallaka ce, da kuɗinta, don biyan buƙatarta. Da yaƙi ya ɓarke a watan Satumba na wannan shekara, aikinta na farko shi ne ta nuna Ingila ce mai gaskiya kuma ita za ta ci. Aka ƙara da wata 'yar takardar labaran yaƙi mai suna Suda, aka kuma riƙa saƙa wani ɗan shafi na ajami, 'Yar Gaskiya, domin ɗimbin malamai da almajirai da ba su san boko ba. Ita jaridar har fagen fama ta riƙa bin sojojin Afirka ta Yamma da aka kai Indiya da Bama, inda Hausa ce harshen bariki. A daidai wannan lokaci ne kuma aka aika Isa Kaita da Bello Dandago birnin Ankara na ƙasar Gana ta yau, suna karanta labaran yaƙi da Hausa a gidan rediyon can.

To, ina hannun Imam a ciki? Na farko, harshe. Labari yakan zo da Turanci daga wayar tangaraho, cike da abubuwan da Bahaushe bai taɓa gani ba: jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa, da majalisar da ke iya tuɓe shugaba, da ƙasashen da ko sunansu ba a taɓa ji ba. Imam ba ya bin Turancin kalma da kalma. Yakan karanta ya fahimta, ya ajiye takardar, sa'an nan ya ba da labarin yadda dattijo zai ba da shi a zaure, da karin magana da misali da ɗan barkwanci. Ya san cewa kwafi ɗaya ba mutum ɗaya ke karanta shi ba. Malamin makaranta ko magatakardan hakimi ne zai zauna a dandali ya ɗaga murya, jama'a na kewaye da shi. Jimlar da ba ta daɗin faɗa da baki ba ta da amfani a irin wannan wuri. A shafukan jaridar ne kuma idon mutane ya saba da haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda aka ɗauka a ƙarshen shekarun 1930 a madadin ɗigon da ake sa wa a ƙarƙashin baƙi. Mu da ake rage wa maki a kan ƙa'idojin rubutu, a nan aka dasa abin da ake kama mu da shi.

Na biyu, shafin wasiƙu. A ƙasar da talaka ba ya ɗaga ido ya dubi hakimi, sai ga wuri an buɗe inda malamin ƙauye zai rubuta kukansa a kan rijiya ko haraji ko halin wani ma'aikaci, dubban mutane su karanta. Edita yana tankaɗe, yana rage kaifi, wani lokaci ya bi wasiƙar da nasa sharhin. Amma ƙofar ta buɗu, kuma 'yan bokon Arewa da ke warwatse daga Sakkwato zuwa Yola suka fara jin muryar juna.

Tafiyar Ingila ta 1943

A 1943, yaƙi na tsakiyar ci, hukumar British Council ta gayyaci editoci takwas daga ƙasashe huɗu na Afirka ta Yamma da ke hannun Ingila, wato Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, su je su ga yadda Ingila ke fama, su kuma ga yadda ake aikin jarida a can. Daga Nijeriya mutum uku ne: Azikiwe, da Isaac B. Thomas na jaridar Yarbanci Akede Eko, da Abubakar Imam. Tafiyar ta ruwa ce, a lokacin da jiragen Jamus ke farautar jiragen Ingila a Tekun Atalantika. Irin wannan ziyara ita ce kakar abin da yanzu ake kira kwas na ƙaro ilmi ga 'yan jarida, kuma mai gayya yana da tasa manufar: baƙi su koma gida su yabi mai masauki.

Azikiwe bai je don yabo ba. Shekara biyu kafin nan, a watan Agusta 1941, Churchill na Ingila da Roosevelt na Amurka sun fitar da sanarwar nan ta Atalantika, wadda a ciki suka amince kowace al'umma tana da haƙƙin zaɓen irin mulkin da take so. Da aka matsa wa Churchill sai ya nuna ƙasashen Turai da Jamus ta mamaye yake nufi. Azikiwe ya rubuta takarda a madadin tawagar zuwa ga Sakataren Ƙasashen Mallaka, Oliver Stanley, yana neman a ba ƙasashen Afirka ta Yamma mulkin wakilai na shekara goma, a bi da shekara biyar ta riƙon ƙwarya, sa'an nan cikakken 'yanci. Imam ya ƙi sa hannu.

Wannan ƙin sa hannu ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Jaridun Kudu da masu zafin ra'ayi na Arewa sun ɗauke shi ɗan koren Turawa. Hujjarsa ita ce, babu wanda ya aiko shi daga Arewa da wannan saƙo, kuma yankin da ke da makarantar gaba da midil ƙwaya ɗaya tak, in aka ba da mulki a wannan hali, Bature zai tashi ne wani ya zauna a kujerarsa, ɗan Arewa yana kallo. Ni dai ina ganin kowannensu yana da tasa gaskiyar. Lissafin Azikiwe ya nuna 1958, 'yanci kuma ya zo a 1960, ka ga bai yi nisa da daidai ba. Tsoron Imam kuma shi ne ya zama babbar maganar siyasar Nijeriya tun daga taron Ibadan na 1950 har zuwa yaƙin basasa. Abin da ba za a ce ba shi ne wai tsoron Turawa ya hana shi, domin abin da ya yi a wannan tafiya ya ƙaryata haka.

A Ingila ya sadu da Lugga, wato Lord Lugard, mutumin da sojojinsa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, wanda a lokacin tsoho ne ɗan shekara tamanin da biyar. Saurayi ɗan shekara talatin da biyu ya zauna gaban wanda ya gina mulkin En'e ya warware masa inda ginin ya tsage: yadda wasu masu riƙe da sarauta ke danne talakawa a ƙarƙashin inuwar Bature, yadda jami'an Turawa suka yi nesa da jama'a ba sa jin komai sai ta bakin fada, da yadda ake wulaƙanta samarin da suka yi boko, ba a ba su wurin faɗin ra'ayi ba. Lugga ya nemi ya sa maganar a rubuce. Wasiƙun da suka biyo baya sun isa hannun Sir Arthur Richards, wanda ya zo gwamnan Nijeriya a ƙarshen wannan shekara. Labarin tafiyar kuwa Imam ya rubuta shi a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda ya kamata a riƙa karanta shi a matsayin rahoton ɗan jarida, ba littafin yawon buɗe ido kawai ba.

Kamfanin Gaskiya

Kukan da Imam ya kai da kuma burin da East ya daɗe yana ɗauke da shi sun haɗu da sa'a. Majalisar Ingila ta yi dokar raya ƙasashen mallaka a 1940, ta sabunta ta a 1945 da fam miliyan 120 da za a kashe cikin shekara goma a dukan ƙasashen da take mulka. Daga wannan asusu aka sami jarin kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, Zariya, a 1945, East ne shugaba. Aka yi gini, aka kawo injunan ɗab'i daga Ingila, aka ɗauko ƙwararrun Turawa don su koya wa 'yan ƙasa jera haruffa da gyaran inji da ɗinkin littafi. Jarida ta riƙa fitowa a kai a kai fiye da da. A 1948 kamfanin ya fara jaridar Turanci, Nigerian Citizen, ya kuma buga wata da harshen Tibi, Mwanger u Tiv, wadda Akiga Sai ya yi wa edita. Mutane irin su Nuhu Bamalli, wanda daga baya ya zama ministan harkokin waje, a wannan gida suka goge.

Burin East shi ne a sami wurin da Bature da baƙar fata za su yi aiki kafaɗa da kafaɗa, kowa na koyo daga ɗan'uwansa. A takarda abin ya yi kyau. A aikace kuwa tsarin mulkin mallaka bai bar kowa ba: albashi daban, gidaje daban, matsayi daban, ko da kuwa ɗan ƙasar ne ke riƙe da abin da ake sayen jaridar dominsa. Wannan ya jawo gunaguni a tsakanin ma'aikata, har zumuncin Imam da East bai ƙare da zaƙin da ya fara da shi ba. Duk wanda ya taɓa aiki a wani shiri da ake ɗaukar nauyinsa daga waje zai gane wannan ciwo, inda mai kawo kuɗi da na'ura yake zama shugaba, mai harshe da sanin jama'a kuma mataimaki.

Ga kuma matsi daga waje. Sarakuna na ganin jaridar tana ba yara baki. Razdanoni na ganin edita yana wuce gona da iri. Su kuma irin su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, waɗanda suka zaɓi fito-na-fito, suna ganin tafiyar hawainiya ake yi. Imam ya zaɓi gyara daga ciki, da lallashi da habaici da nasiha, irin ta waziri mai hankali a gaban sarki mai fushi. Ko wannan hanya ta fi, ko ta 'yan NEPU da aka kafa a 1950, muhawara ce da har yau ba a rufe ba a azuzuwanmu.

Siyasa da aikin gwamnati

Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, tun tana ƙungiyar al'adu a ƙarƙashin Dokta R. A. B. Dikko, kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951. A wannan shekara ya bar kujerar edita, aka zaɓe shi Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna, daga nan kuma ta tarayya a Ikko. A nan sai a yi hattara, kada a haɗa shi da Ibrahim Imam na Borno, wanda shi ma ɗan majalisa ne a lokacin. Siyasar jam'iyya ba ta karɓe shi ba, bai kuma daɗe a cikinta ba.

Ya koma harkar littattafai a hukumar NORLA, wadda gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a 1954 don samar wa 'yan Yaƙi da Jahilci abin karantawa. A zamaninta kusan kowane lardi ya sami 'yar jaridarsa: Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zariya, Zumunta a Bauci, Albishir a Borno, Arɗo a Adamawa. Dukansu 'ya'yan Gaskiya ne. Hukumar ta rushe a 1959, kuɗin sayar da littattafai bai riƙe ta ba. Shi kuwa tun a tsakiyar shekarun 1950 aka mai da shi Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Arewa, inda aikin shi ne a cike guraben gwamnati da 'yan Arewa, wato maganin ciwon nan da ya hana shi sa hannu a Landan. A shekarun 1970 kuma aka ɗora masa sauraron koke-koken jama'a a jihar da ke da hedikwata a Kaduna, aikin da za a ce ya fara koyonsa tun a shafin wasiƙu. Bai ajiye alƙalami ba. Ya rubuta Ikon Allah tare da East, a kan halittu da al'amuran duniya, da Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, sa'an nan littattafan addini irin su Tarihin Annabi da Sayyidina Abubakar da Hajji Mabuɗin Ilmi. An ba shi lambobin girma na OBE da CON, da digirin girmamawa na dakta.

Yana raye ya ga irin haɗin gwiwar da aka fara da shi ya yaɗu. BBC ta buɗe sashen Hausa a watan Maris 1957. A 1962 gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna tare da kamfanonin Ingila biyu, Granada da EMI. A ranar 1 ga Janairu 1966 Nigerian Citizen ta zama New Nigerian a Kaduna, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta koma ƙarƙashinta. A wannan shekara dai Kamfanin Gaskiya da Macmillan na Ingila suka haɗa jari suka kafa kamfanin buga littattafai na NNPC a Zariya, ba na man fetur ba, wanda tambarinsa ke bayan yawancin littattafan da muke nazari. A 1966 ɗin ne kuma UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita rubutun wasu harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa.

Rasuwarsa

A shekarunsa na ƙarshe, tambayar da ya rayu da ita a Tukur-Tukur ta zama rigimar duniya. Ƙasashe masu tasowa suka tashi a zauren UNESCO suna kukan cewa kamfanonin dillancin labarai huɗu, Reuters na Ingila da AFP na Faransa da AP da UPI na Amurka, su ke tace kusan duk labarin da duniya ke ji, har ɗan Kano ba ya jin abin da ya faru a Maraɗi sai ya biyo ta Landan ko Faris. Shugaban hukumar na lokacin, Amadou-Mahtar M'Bow ɗan Senegal, ya naɗa kwamiti a 1977 a ƙarƙashin Sean MacBride ɗan Ailan, da ɗan Nijeriya Fred Omu a cikin wakilai. Rahotonsu ya fito a 1980, kuma a taron Belgrade na wannan shekara aka kafa shirin IPDC don taimaka wa ƙasashe matalauta su gina nasu kafofin da horar da nasu ma'aikatan. Kamfanin dillancin labarai na Afirka, PANA, wanda ya fara aiki a Dakar a 1983, yana cikin waɗanda suka fara cin moriyarsa. Rigimar ba ta kwanta ba, tana cikin dalilan da suka sa Amurka ta fice daga UNESCO a ƙarshen 1984, Ingila ta bi ta a 1985.

Majalisar gudanar da shirin na IPDC ta yi zamanta na farko a Faris a watan Yuni 1981. A cikin wannan wata, ranar Juma'a 19 ga Yuni, Allah ya yi wa Alhaji Abubakar Imam rasuwa a Zariya yana da shekara saba'in. Allah ya jiƙansa da rahama.

Makusancinsa, Alhaji Abdurrahman Mora, ya tattara tarihin da marigayin ya bari da takardunsa, kamfanin NNPC ya buga su da Turanci a 1989, kuma a nan ne mai bincike zai tarar da wasiƙunsa da Lugga. Jaridar da ya raina ta rayu bayansa shekaru masu yawa. Gwamnatin tarayya ta karɓe kamfanin New Nigerian a 1975, ta mayar wa jihohin Arewa goma sha tara a 2006, daga nan bashi da rashin biyan albashi suka ci ƙarfinsa. A 2006 ɗin ne kamfanin Media Trust ya fara fitar da Aminiya. Yau in ka tsaya a teburin mai jarida a bakin tashar Gwagwalada ka nemi Gaskiya Ta Fi Kwabo, ba za ka samu ba. Tsofaffin kwafinta suna Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, takardun sun yi ja, kuma mafi yawan sharhunan da Imam ya rubuta a cikinsu daga 1939 zuwa 1951 suna jiran ɗalibin da zai je ya zauna ya karanta su.